Kare Tsofaffi da Masu Rauni Daga Cin Zarafi a Abuja: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum yana iya shekara yana wucewa ta ƙofar gidan da ake cutar da wani dattijo bai sani ba, musamman a Abuja inda katanga ke da tsawo, maƙwabci kuma bai cika sanin sunan maƙwabcinsa ba. Tambayoyin da ke tafe su ne suka fi damun 'ya'ya masu jinyar iyaye, da 'yan aiki, da maƙwabta, da limamai da fastocin da ake kai wa kuka.

Su wane ne masu rauni da ake magana a kansu?

Duk wanda ya kai shekara 18, amma tsufa ko ciwo ko nakasa ko taɓin hankali ya sa sai da taimakon wani yake ci, ko wanka, ko shan magani, ko riƙe kuɗinsa, kuma idan aka cuce shi ba zai iya ƙwatar kansa ba. Tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye tana ciki, da dattijo mai gigin tsufa, da budurwar da aka haifa da ƙarancin fahimta, da mai farfaɗiyar da ake ɓoyewa idan baƙi sun zo. Tsufa ko nakasa kaɗai ba sa mayar da mutum mai rauni. Akwai makafi da guragu a unguwar Karon Majigi ta Abuja da ke riƙe da gidajensu, suna ciyar da 'ya'ya. Abin dubawa shi ne yadda rayuwar mutum ta rataya a hannun wani.

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata hannu ba. Ta ina cin zarafi zai shigo?

Duka shi ne wanda kowa ya sani, amma yawancin cutar ba ta barin tabo. Ka shiga wani gida a Kubwa ko Lugbe, falo tsaf, talabijin a kunne. Ka tambayi Hajiya, a ce tana ɗakin baya tana hutawa. Ka ƙarasa ka tarar an sa sakata ta waje. Kana buɗewa zarnin fitsari ya tare ka. Kwanon tuwon jiya yana gefen katifa ya bushe, domin hannun da zai kai loma baki ya shanye, babu kuma wanda ya zauna ya ba ta. Katin maganin hawan jini yana kan taga, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba. Babu wanda ya dake ta, amma wannan baiwar Allah ana cutar ta kullum, kuma sakaci irin wannan yana kisa.

Akwai kuma cutar baki: tsawa, gori, "kin ishe mu", yi mata barazanar mayar da ita ƙauye, tattauna lamarinta a gabanta kamar ba ta nan. Akwai ƙwace mata waya da hana 'yan'uwa ganinta. Akwai ɗirka mata maganin barci don a huta da kiranta. Akwai cinye mata dukiya. Akwai kuma wanda baki ke nauyin faɗa, wato lalata da mace ko namijin da ba zai iya cewa a'a ba, ko kuma idan ya faɗa ba za a yarda da shi ba. Masu wannan ta'asa suna zaɓar kurma da mai taɓin hankali ne da gangan, saboda sun san shaidarsu ba ta da nauyi a idon mutane.

Abin ya kai yawan da za a damu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, a gida da cikin unguwa. A gidajen kula da tsofaffi kuwa, kusan ma'aikata 2 cikin 3 da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu na cutarwa. Saboda girman matsalar ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar 15 ga Yuni a matsayin ranar faɗakarwa kan cin zarafin tsofaffi. Abin da ya fi ciwo shi ne mai cutar galibi na gida ne: ɗa, suruka, jika, ko wanda aka ɗauka ana biya.

Waɗanne alamu zan lura da su?

Rauni ko ƙuna da bayaninsa ke sauyawa daga baki zuwa baki. Shatin igiya a wuyan hannu ko idon sawu. Rama ba tare da wani sabon ciwo ba, leɓe a bushe, farce ya yi zaƙo-zaƙo, tufafi ɗaya kwana da kwanaki. Gyambon kwanciya a ƙugu ko diddige, wanda yake fitowa idan ba a juya majinyaci. Ma'aikatan jinya suna son a juya wanda ba ya iya motsi kamar duk bayan awa 2. Jini ko ciwo a al'aura kuwa magana ce ta asibiti a ranar.

Sai kuma alamun da ba a jiki suke ba. Dattijon da ke hira da kai da fara'a, da wani ya shigo sai ya yi tsit yana kallon ƙasa. Mai jinyar da ba ya taɓa barinka ku keɓe, kuma duk tambayar da ka yi wa Baba shi ne ke amsawa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, fatar tsoho tana saurin tara jini ko da ɗan bugu ne. Idan sun taru biyu uku, kada ka kau da kai.

Katin bankin Baba yana hannuna, ni nake cire masa fansho. Laifi ne?

Riƙe katin da yardarsa, don yi masa hidima, ba laifi ba ne; dattawa da yawa ba za su iya bin layin banki ba. Matsalar takan fara ne ranar da ka tsaya wurin mai POS ka cire na cefanen Baba, ka ƙara da na man motarka, ka ce ai za ka mayar. Wata na gaba kuɗin makarantar yara. Kafin shekara, saƙon banki ya daina shiga wayarsa ya koma taka, shi kuma yana roƙon kuɗin goro daga cikin fanshon da ya yi shekara 35 yana wa aiki. Wasu har suna kare kansu da cewa dukiyar tasu ce gobe. Ba a cin gadon mai rai.

Wanda ya fi wannan muni shi ne takardar fili. A Abuja fili ɗaya yana iya zama duk abin da mutum ya tara a rayuwarsa, shi ya sa ake samun wanda zai kawo takarda cikin Turanci gadon asibiti, ya kama yatsan tsohuwa ya dangwala.

Mai son ya kuɓuta a duniya da lahira ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya ajiye rasit. A bar saƙon banki yana zuwa wayar mai kuɗin, wani ɗan'uwa na biyu kuma ya riƙa duba lissafin. Duk takardar sayarwa ko kyauta ko wakilci, a karanta masa ita da harshen da yake ji, gaban shaidun da ba su da rabo a ciki, da lauyan da ba mai sayen ne ya kawo shi ba.

Me doka ta tanada a Abuja?

Babbar dokar ita ce ta hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015. Mutane da yawa sun ɗauka ta mata ce kawai, alhali ta shafi kowa. A ƙarƙashinta, wanda ya yi watsi da wanda ke ƙarƙashin kulawarsa ba tare da abin rayuwa ba yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira 500,000, ko duka biyu. Danne wa mutum dukiya ko tilasta masa dogaro da kai yana iya jawo shekara 2. Cutarwa ta baki da ta zuciya shekara 1. Raba mutum da danginsa da abokansa da ƙarfi wata 6. Azabtar da matar da mijinta ya rasu da sunan al'ada shekara 2. Fyaɗe kuwa hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin rai da rai, kuma dokar ta amince cewa namiji ma ana yi masa.

Dokar ta kuma ba Babbar Kotun Birnin Tarayya ikon ba da umarnin kariya, wanda zai hana mai cutarwa kusantar wanda yake cuta. Ɗan sanda ko ma'aikacin lafiya ko jami'in jin daɗin jama'a yana iya neman umarnin a madadin mutum da rubutacciyar yardarsa, sai dai idan yana halin da ba zai iya ba da yardar ba.

A kula da iyaka. Wannan doka ta tarayya tana aiki ne a ƙananan hukumomin Abuja 6: birni da kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla kuma jihar Neja, don haka 'yan sanda da kotunan waɗannan jihohi ne ke da hurumi a can, ko da a Wuse mutum yake aiki.

Yawo da makaho ko gurgu ana bara da shi fa?

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta amfani da nakasasshe wajen bara ko yawo da shi don tara sadaka. Hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu. Wanda dokar ke nufi shi ne mai ajiye mutum a rana a bakin danja tun safe, da yamma ya zo ya juye kwanon a aljihunsa. Dokar ce kuma ta samar da hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020.

Ƙanena yana da taɓin hankali, yana fashe-fashe. In ba mu ɗaure shi ba, ya za mu yi?

Wannan tambaya daga zuciyar da ta gaji take fitowa, kuma babu mai raina wahalar gidan da ke kwana da ido ɗaya. Amma mari, wato sarƙar ƙafa, ba ya warkar da kowa. Yana cin ƙafa har ta ruɓe, yana ƙara wa mai ciwo firgici, kuma wanda aka ɗaure ba ya iya gudu daga duk mai son cutar da shi. Mun ga ƙarshen wannan hanya a Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Bayan 'yan makonni aka buɗe irinsa a Daura. Yawancinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biya, da zaton gyara ake yi.

Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, bai kuma cire mai taɓin hankali ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙin magani da mutunci. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da ke cikin birni da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Da yawa daga masu fashe-fashe suna lafawa idan suka samu maganin da ya dace, har su koma sana'a. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti. Duk wurin da aka ce sai an sa mari, ko a hana ka ganin ɗan'uwanka sai ranar da suka ga dama, ɗauke shi daga nan.

Kakarmu tana sambatu da dare, tana kiran sunayen matattu. Wasu sun fara cewa mayya ce.

Ku kai ta asibiti, ku kuma tsawata wa masu faɗar haka tun kafin maganar ta fita waje. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Mai shi yana manta fuskar 'ya'yansa, ya fita tsakar dare yana neman gidan da ya bari shekara 50 da suka wuce, kuma idan aka matsa masa da tambaya yana iya amsa laifin da bai san ma'anarsa ba. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuma tana iya zama zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko sukari, waɗanda ake magancewa. Jifan mutum da maita laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja, kuma kalma ce da ta sha jawo a kashe tsofaffi.

Idan ya buɗe baki ya faɗa mini, me zan yi?

Ka zauna, ka saurara, kada ka nuna firgita. Kada ka ce "anya kuwa?", domin wannan kalma ɗaya tana iya rufe bakinsa har abada. Ka bar shi ya faɗa da kalmominsa, kada ka sa masa magana a baki. Ce masa, "Baba, na ji, kuma ba laifinka ba ne. Me kake so a yi?" Kada ka yi alkawarin ɓoyewa, ka dai tabbatar masa ba za ka faɗa wa kowa ba sai wanda zai taimaka. Da ka fita ka rubuta abin da ya ce, da rana da lokaci. Idan akwai rauni ka ɗauki hoto da izininsa. Idan fyaɗe ne, a tafi asibiti kafin wanka ko wanke tufafi, kuma maganin kariya daga cutar HIV yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Kada ka tunkari wanda ake zargi kai kaɗai sannan ka tafi ka bar su a gida ɗaya; daren nan Baba ne zai biya.

Ina ake kai ƙara?

Idan rai na cikin haɗari, asibiti da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko lambar gaggawa 112. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, da ke da hedikwata a Wuse, ita doka ta ɗora wa aiwatar da VAPP a Abuja, ba fataucin mutane kaɗai take bi ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama tana karɓar koke kyauta. Akwai sashen jin daɗin jama'a na hukumar birnin tarayya da na ƙananan hukumomi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021. Ka je da rubutunka, ka karɓi sunan jami'in da ya saurare ka, ka kuma koma bibiya. Ƙarar da ba a bibiya takan kwanta a cikin fayil.

Wannan ba tona asirin gida ba ne?

Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, kuma ba kowace matsala ce sai an kai hukuma ba. Surukar da ke yi wa tsohuwa tsawa saboda gajiya, zaman dangi da nasihar malami suna iya gyara ta. Amma a tambayi kai, asirin wa ake rufawa? Idan an yi wa yarinya kurma fyaɗe aka ce a kashe maganar a cikin gida, wanda ya yi ne ya samu sutura, ita kuwa an bar ta da shi a gida ɗaya. Annabi (SAW) ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Alƙur'ani ya hana a ce wa iyaye ko da "uf". Fyaɗe, da duka mai rauni, da ɗauri, da yunwa, sun wuce sulhun zaure.

To idan uwar da kanta ta ce kada a kai ɗanta ƙara?

Nan ne aikin ya fi wuya. Uwa tana iya zaɓar ta haƙura da ɗan da ke cin kuɗinta a kan ta gan shi a hannun 'yan sanda, kuma idan hankalinta ƙalau yake, maganarta tana da nauyi. Babba ce, ba yarinya ba. Wanda ya zo ceto ya yanke komai ba tare da ya tambaye ta ba, shi ma ya ƙwace mata wani abu.

Ingila ta yi nisa a wannan fanni. Dokarsu ta 2005 ta ce a ɗauka kowane baligi yana da hankalin yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kuma yanke shawarar da wasu ke ganin wauta ce ba ya nuna rashin hankali. Dokar kulawa ta 2014 kuma ta wajabta wa ƙaramar hukuma yin bincike da zarar ta samu dalilin zargin ana cutar da mai rauni, tare da kwamitin da ya haɗa ta da 'yan sanda da hukumar lafiya. A Najeriya kuwa kariyar a warwatse take tsakanin dokoki da ofisoshi, shi ya sa nauyin ya fi faɗawa kan dangi da maƙwabta.

Abin yi shi ne a keɓe da ita, a tabbatar ba tsoro ne ke magana ba, a nuna mata hanyoyin da ba sai an ɗaure kowa ba: sauya lambar sirrin kati, komawa gidan wata 'yar, sa wani ya riƙa kwana da ita. A bar ƙofa a buɗe, a riƙa dawowa. Amma idan ranta na cikin haɗari, ko akwai wasu da mutumin ke cuta, ko ciwo ya hana ta fahimtar halin da take ciki, to a kai maganar gaba, a kuma gaya mata an kai.

Za mu ɗauki mai jinya, ko mu kai Baba gidan kula da tsofaffi. Me za mu duba?

Ga mai jinya: katin shaidar ɗan ƙasa, mai tsaya masa wanda kuka je kuka ga gidansa, da lambar wayar gidan da ya bari, ku kuma kira da kanku. A rubuta aikinsa da albashinsa da ranar hutunsa, a biya shi a kan lokaci. Yarinya 'yar shekara 13 da aka kawo daga ƙauye ba mai jinya ba ce, ita ma kariya take buƙata.

Ga gidan kulawa: ku nemi ganin takardar rajista, ku tambayi ma'aikata nawa ke kwana da dare, wa ke ba da magani, ina ake rubuta shi. Ku je ba tare da sanarwa ba, lokacin cin abinci. Ku tambaya, idan ma'aikaci ya ga abokin aikinsa yana cuta, wa zai gaya wa, kuma me zai same shi? A 2011 BBC ta ɗauki hoton sirri a wani asibitin masu ƙarancin fahimta mai suna Winterbourne View kusa da Bristol, inda aka ga ma'aikata suna duka da azabtar da majinyata. An rufe wurin, an hukunta ma'aikata 11. Tun kafin nan wani babban ma'aikacin jinya ya kai koke, ba a saurare shi ba.

Ni ce mai jinyar. Na gaji, har na fara yi wa tsohuwar tsawa. Ni ma azzaluma ce?

'Yar'uwa, tambayar da kika yi ta nuna zuciyarki tana raye. Jinya aiki ne mai cin jiki: tashin dare, wankin zanin gado, ɗaga babban mutum zuwa banɗaki, ga yara ga miji ga aikin ofis, sau da yawa kuma duk a kan mace ɗaya yake faɗawa, sauran 'yan'uwa suna turo gaisuwa ta waya. Tsawar dai tana yi mata ciwo, kuma takan ƙaru idan ba a tare ta ba. Idan kika ji ranki ya ɓaci, ki tabbatar tana kwance lafiya, ki fita tsakar gida na minti 10. Ki kira taron 'yan'uwa ki faɗa musu a fili cewa ba za ki iya ke kaɗai ba, a raba kwanaki a rubuce: wane Asabar, wance Lahadi, wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani da famfas ko albashin mai taimako. Ranar ganin likita ki gaya masa ba ta barci da dare, domin sau da yawa akwai ciwon da ke hana ta, kuma ana iya rage shi. Ki nemi ma'aikaciyar jinya ta nuna miki yadda ake juya ta da ɗaga ta ba tare da bayanki ya taɓu ba, ki kuma faɗa wa likitan halin da ke kanki kike ciki.